Bazazzagi, Fijo ba jirgin sama ba ce

Gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga bawansa. Ina fatan Zazzau lafiya, ina fatan tukunyar fate ba ta sauka daga murhu ba, ina kuma fatan wuyanka ya saki, don an ce tun ranar da abin ya faru idan aka kira ka ta baya sai ka juyo da ƙirji gaba ɗaya.

Kada ka wahalar da kanka wajen neman wanda ya tsegunta mini. Abin da aka yi da rana tsaka a bakin titi, tsakanin Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, a gaban masu rake da 'yan tallan gyaɗa, ya wuce a kira shi sirri. Labarin ya riga ka isa Kwangila, ya juyo ya shigo Kano kafin la'asar. An ce kana tafe cikin tsohuwar Fijonka 504, ka turo hula gaban goshi, ka ɗora gwiwar hannu a taga, sai ji aka yi fau! Bonet ya tashi ya kwanta a kan gilashin gaba, duniya ta yi maka duhu. An ce salatin da ka rafka har direban tirelar da ke bayanka sai da ya amsa. Ka zuro kai ta taga, hula ta yi nata wuri, ka lallaɓa ka gangara gefe. Nan kam na yaba maka, domin abin da ya kamata ke nan: mutum ya leƙa ta taga ko ta 'yar kafar da ke ƙarƙashin bonet, ya kunna sigina, ya rage gudu a hankali, kada ya turje burki a tsakiyar titi babbar mota na binsa. Sai dai masu rake sun ce ba dabara ba ce, burkin ne ba ya ci sai an yi masa famfo.

Allah ya kiyaye, mun gode masa. Yanzu da aka tabbatar kana raye, sai a gyara zama a yi maka dariya a tsanake.

An ce da jama'a suka taru, ka kaɗe riga ka ce: “Motan nan lafiyanshi ƙalau, iska ne ya ɗaga shi.” Malam, iskar hanyar Zariya kai kaɗai ta sani? Motoci nawa suka bi ta wurin a ranar, daga Golf ɗin haya har motocin tumatir na Kwanar Gafan, ba wadda ta wangale baki sai taka? Iska aikinta ta yi. Idan mota na gudun kilomita 100 a awa, iskar da ke dukan abin da ya tare ta gaba da gaba tana danna kusan kilo 47 a kan kowane murabba'in mita, bonet ɗinka kuwa ya haura murabba'in mita ɗaya. Ƙarfin kuma ba kafaɗa da kafaɗa yake tafiya da gudu ba: ka ninka gudu sau biyu, shi ya ninka sau huɗu. Muddin bonet na kulle, bi take ta samansa ta wuce abinta. Da ya ɗan ɗaga baki ta samu ƙofa sai ta shige ƙarƙashi, yana ƙara ɗagawa tana ƙara samun wurin kamawa, kafin ka ƙifta ido ta maka shi da gilashi. Duk wannan fizgar a kan ƙarafa biyu take ƙarewa, hinjis ɗin da ke riƙe da shi ta baya. A gudun nan kuma kowane sakan ɗaya motar na cin kusan mita 28, kai kana zaune a makance. Ka lissafa da kanka, ai ku ne 'yan boko.

Bokon ne ma ya sa abin ya fi ciwo. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, injiniyoyi jibge a Samaru. Garin da gwamnatin tarayya ta tsallake ko'ina ta kafa wa Cibiyar Fasahar Sufuri a 1986. A nan aka samu dattijon da ya ɗaure bonet da robar tsohon tif ya hau babban titi. Na san kuna da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964, kullum ƙananan jirage na shawagi a kanku. To amma ba a ce kowane Bazazzagi ya koma gida ya gwada da abin da Allah ya hore masa ba. Masu tashin nan takarda gare su, kuma fukafukansu a gefe suke, ba a goshi ba.

Bari in gabatar maka da motarka, tunda shekara da shekaru kana hawanta ba ku gaisa ba. Makulli biyu ke riƙe bakin bonet. Na farko shi ne wanda kake ja daga ciki, waya ta saki kwaɗo. Na biyu 'yar ƙugiyar nan ce da kake zura yatsa ta gaba ka ture kafin ya buɗe. Ba don ado aka sa ta ba. An tanade ta ne saboda ranar da na farko zai ci amana, ta riƙe bonet yana kaɗawa har ka samu wurin tsayawa. A Amurka tun 1969 doka ta wajabta wa masu ƙera mota wannan riƙo na biyu a duk bonet ɗin da idan ya buɗe zai tare wa direba gani. A 2020 kamfanin Nissan ya nemi a dawo masa da Altima wajen miliyan 1.8, ba don komai ba sai don tsatsa na iya kama ƙugiyar nan ta maƙale a buɗe. Motocin da ba su cika shekara goma ba ke nan. Taka da ta ga zamanin Shagari fa?

Ni na san tarihin naka makullan, don wasu abubuwan a gabana aka yi su. Wayar ciki ta tsinke tun tuni, da filaya kake jan guntunta. Ƙugiyar gaba sifirin ɗinta ya mutu, tsatsa da ƙurar hunturu suka haɗa kai suka daskarar da ita a buɗe, kai kuwa har murna kake wai yanzu bonet na buɗewa babu wahala. Da kwaɗon ya fara ƙin kamawa sai ka koma ɗaga bonet sama ka sako shi, gwaram, kajin maƙwabta su watse. Da wannan ma ya daina ci ka kawo roba. Roba a gefen lagireto, ga zafin inji ga ranar bazara! Ita ma wallahi ta yi ƙoƙari. Saboda haka da na ji kana yawo kana zagin hinjis wai sun ba ka kunya, na ce an bar jaki ana dukan taiki. Su ne aka zalunta. Sai dai zaluncin ya riga ya auku, sun tashi daga aiki, kuma wannan ne abin da ka ƙi yarda da shi har yau.

Na ga motar da idona ranar da muka zo ɗaurin aure Tudun Wada, kana ta kici-kicin ajiye ta a bayan masallaci inda baƙi ba za su gani ba. Na zagaya. Kusurwar bonet ta baya, ɓangaren direba, ta ɗage har na zura yatsu huɗu suka shige. Ɗaya ɓangaren ya nutse ya ciji fenda, ya kankare fenti, ƙarfe ya fito fili ya fara ja. Ta gaba kuwa bakin ya karkace, ya zauna kamar rawanin da aka naɗa cikin duhu. Da na sa yaro ya ɗaga, kukan da hinjis suka yi sai da liman ya waiwayo. Hannun na hagu ya lanƙwashe, fentin wurin ya tsattsage, alamar ƙarfen ya miƙe fiye da ƙima. Na dama ƙusar da yake juyawa a kanta ta yi lako-lako, jan garin tsatsa na zuba daga gindinta, ka kama bonet ka girgiza sai ya yi ta rawa hagu da dama. Abin da aka tokare shi da shi kuma, jama'a ku ji, rake ne. Rake na Maƙarfi, an sha gaɓa biyu an bar wa mota sauran.

An ce ka kai ta wurin wani mai bugun jikin mota ka ce ya “ɗan taɓa shi” da guduma, wai ƙarfen da ne, ba ya mutuwa. Ya taɓa, ka biya, bayan kwana kaɗan bonet ya koma gidan jiya. Ba sammu ba ne. Ƙarfe idan ya lanƙwashe, daidai wurin yana taurarewa ya yi gautsi, kana mayar da shi kana ƙara gajiyar da shi, har ya fara tsagewa ta inda ido ba ya gani. Hinji kuma ba miƙaƙƙen ƙarfe ba ne da za a ce a daka ya miƙe. An ƙera shi da wata lanƙwasa tasa ta musamman, wadda ke sa gindin bonet ya ɗaga ya kauce wa gindin gilashi sa'ad da ake buɗewa. Ɗan kuskuren da bai kai kaurin farce ba a gindin hinji, kafin ya yi tafiyar fiye da mita ɗaya zuwa bakin bonet ya zama tazarar da za ta hana kwaɗo kamawa. Mai guduma kuwa da ido yake awo. Da aka gaya maka haka sai ka ce a sa wuta. Wuta ta cinye fenti, ta ƙone ɗan man da ya rage a ƙusa, ta sassauta ƙarfen, damina na zuwa tsatsa ta tarar da ɗaki a share. Na ji har wani ya ba ka shawara a like hinjis da jikin bonet da walda a huta da noti. Ka bincika da kyau ko mutumin nan yana cikin magadanka. Ranar da za a sauke inji sai an nemo abin yanka ƙarfe, daidaita bonet kuwa an yi bankwana da shi har abada.

Akwai kuma ranar da ba a fata. Idan mota ta yi karo ta gaba, hinjis ne ke riƙe gindin bonet don ya naɗe a wurinsa maimakon ya zarce baya. Hinjin da aka gasa aka daka shi ne zai tsinke ya miƙo maka ƙarfe ta gilashi, daidai wuya. Wuyan da ko warkewa bai gama yi ba.

Ku ne kullum da cewa Bakano ya cika son kuɗi. To zo mu yi lissafin Kanawa. Kuɗin guduma, kuɗin roba, kuɗin gilashin da ya tsage, kuɗin sabuwar hula, kuɗin man zafi na wuya: ka tara su ka gaya mini ko ba su sayi hinjis biyu har da canji ba. Son kuɗin Bakano shi ke sa ya sayi abu sau ɗaya ya huta. Kai da ba ruwanka da abin duniya ga shi nan kana rabar da naka kashi-kashi a bakin titi, kana ce masa tattali.

Masu karatu da ke ƙyaƙyata dariya, ku ma ku leƙa naku kafin ku gama. Ba kowane hinji ne iska ke kashewa ba, yawancinsu ƙishirwa ce ajalinsu. Ƙusar ta bushe, ƙura ta shiga, ruwa ya biyo baya, ta cije. Mai mota ya ji bonet ya yi tauri sai ya danna da ƙarfi, ƙusa ta ƙi juyawa, hannun hinji ya juya a madadinta. Masu tsohuwar Marsandi ta ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, wadda bonet ɗinta ke iya miƙewa tsaye cak, sun san wannan ciwo, don hinjis ɗinta a cikin wani aljihu suke mai 'yar kafar fitar ruwa, ganye na toshe ta ruwa ya kwanta. Wani kuma mantawa yake da sandar tokare ya hau rufewa. Wani ya bar bonet a buɗe hadari ya taso. Amma dai ba wanda ya kai abokina, shi ya haɗa duka ya ƙara da roba.

Ni fa tausayin motar nake ji. Mota ce mai asali. A 1968 ta fito a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta zakarar motocin Turai, a 1975 ta cinye gasar Safari ta Gabashin Afirka, inda ake tsere cikin laka da kwazazzabai. A shekarar ce kuma aka fara haɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna. Zamanin mulkin soja na Obasanjo da aka ce manyan gwamnati su rage facaka, ita aka mayar motar ofis. Duk wanda ya yi tafiya daga tasha a shekarun 1980 ya san doguwarta mai kujeru layi uku. Turai ta daina yin ta, Kaduna ba ta daina ba sai wajen 2006. Na san nan za ka buga ƙirji ka ce a jiharku aka haife ta. Dakata in tuna maka. A shekarun farko kayanta a jirgin sama ake kwaso su daga Liyon ta Faransa, a sauke su a filin jirgin saman Kano, a loda a manyan motoci a bi da su ta gabanku zuwa Kaduna. Wato tun tana ƙarafa a akwati sai da ta fara kwasar gaisuwa a Kano, ku kuwa hannu kawai kuka ɗaga mata a bakin hanya. Ƙila tun a nan ta ɗanɗana tashi sama, shi ya sa da ta ga ta faɗa hannun wanda ba ya ba ta giris ta yi yunƙurin komawa gida. Ko a 2022 da aka soma haɗa Fijo a sabuwar masana'anta ta hanyar Abuja, sunan Bakano ne a gaban na kamfanin. Ban ce komai ba.

To ga abin da za a yi, ka nemo alƙalami, tunda rubutu dai kun iya.

Hinjis na 504 sabo a leda ba abin da za ka tarar a kowane shago ba ne, don haka gwanjo za a nufa, wurin masu yanka tsofaffin motoci. Kana iya gwada Panteka a Kaduna, idan ka gaji da yawo ka zo Ƙofar Ruwa inda aka san abin. Ka riƙo tsofaffin a hannu. Na hagu daban na dama daban, kada a haɗa ka da hagu biyu ka kai har Zariya kana godiya. Ka ɗora wanda za ka saya a kan naka ka ga ramukan noti sun hau juna. Ka kama shi ka motsa: ya juya da ɗan tauri, amma kada ya girgiza gefe da gefe. Ka duba fentin wurin lanƙwasa, idan ya tsattsage ka ajiye, idan kuma ka ga baƙin fenti sabo fil a kan tsohon ƙarfe ka tambayi abin da ake ɓoyewa. Ka tambayi motar da aka ciro shi: wadda aka buga ta gaba hinjis ɗinta sun sha irin wuyar da naka suka sha, wadda aka buga ta baya ko wadda inji ya kashe ita ake nema. Kuma biyu za ka saya. Na san zuciyarka, za ka ce na dama ai da sauransa. Babu sauran komai. Tare suka sha fizga, kuma lafiyayye ɗaya da gajiyayye ɗaya ba sa ɗaga bonet daidai, lafiyayyen ne zai yi ta ɗaukar nauyi har ya bi sahun ɗan'uwansa. A zuwan nan ka haɗa da kwaɗo da ƙugiya da sifirin ɗinta da waya. Idan ka sa hinjis ka bar makulli yadda yake, sabon abin wasa ka sayo wa iska.

Daren da za a kwance, a jiƙa notocin da man kwance tsatsa, in babu ko kananzir ne, su kwana suna sha. Notin da ya shekara arba'in a wuri ɗaya ba a yi masa gaggawa. Idan ya karye a cikin rami, aikin awa ɗaya ya zama na yini, da injin huda ƙarfe da zage-zage, kuma ba ku nake nufi ba. Sifana mai zobe za a sa, daidai kan notin, galibi lamba 13 a motocin Turai irin taka, 12 a na Japan. Ban da filaya, Malam. Filayar nan ta isa fansho. Mota a wuri mai daidai, inji a sanyaye, a cire kan batir. A shimfiɗa tsohon bargo ko kwali a gindin gilashi da kan fenda biyu. Kafin a taɓa noti ko ɗaya, a zagaye gefen kowane hinji da alli ko maka, a jikin bonet da jikin mota, don sabon ya san inda zai fara zama. A taka motar zanen kusan-kusan ne kawai, tunda komai ya gusa, amma ya fi lalube. Duk tiyo ko waya da ke maƙale a jikin bonet a zare ta.

Sannan a nemo mutum biyu, uku ma ya fi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bonet ba nauyinsa ne abin tsoro ba, faɗinsa ne da santsinsa: ana cire notin ƙarshe sai ya zame baya, kusurwarsa ta nufi gilashi. Kowa ya tsaya a gefensa, kafaɗa a ƙarƙashi, hannu ɗaya riƙe da kusurwar baya. A bar noti ɗaya ɗaya a kowane gefe, a kwance su tare, a ɗauke, a kwantar da shi a kan tabarma ko tsohuwar katifa, kada a kafa kusurwarsa a ƙasa. Ka tuɓe babbar riga. Na san da wuya, na san Bazazzagi ko rijiya zai shiga sai da malum-malum, amma ka daure. Kuma aikinka a wurin riƙo ne, ba jawabi ba. Kada mutane na ɗauke da ƙarfe ka tsaya kawo musu tarihin Sarauniya Amina.

An cire tsofaffin, kada a yi rawar jikin ɗaura sababbi. A goge mazauninsu a jikin mota da burushin ƙarfe, a haska tocila. Nan ruwan sama da ƙasa ke taruwa, nan tsatsa ke cin ƙarfe ta ciki fenti na rufa mata asiri. Fizgar ranar nan tana iya tsaga wurin, ko ta ɗago shi, ko ta ɓalle notin da aka like ta baya. Haka za a duba cikin bonet inda hinji ke kamawa. Idan an ga tsaga, to nan mai walda ke da aiki na halal: ya ɗinke mazaunin, a shafa fentin hana tsatsa, a bari ya bushe. A rufe gilashi tukuna, tartsatsin walda cin sa yake, a kuma kula da tiyon mai. Idan kusurwar bonet ɗin kanta ta naɗe, nan kuma gudumar abokinka ke da hurumi.

Yanzu ga inda ake bambance bakanike da mai riƙe sifana. Ramukan notin hinji ba cif-cif suke ba, an bar musu ɗan fili da gangan don a samu damar gusa bonet gaba da baya, hagu da dama. Saboda haka a ɗaura notoci da hannu, a ɗan matse yadda bonet zai tsaya amma idan an bubbuga shi da tafin hannu zai motsa. A kwance kwaɗon gaba a ajiye gefe. Idan yana nan zai jawo bonet inda yake so ya ɓoye karkatar, idan kuma ya kama a karkace ya ƙi saki ka kulle kanka a waje. A sauke bonet sannu-sannu, ido a kan kusurwoyin baya kada su ciji fenti. A duba tazarar da ke tsakaninsa da fenda, ta hagu ta yi daidai da ta dama tun daga gindi har baki. Ba sai da ma'aunin kanti ba, ka ninka kwali ka zura nan ka zura can. Idan a gefe ɗaya ta buɗe a baki ta matse a gindi, bonet ya juya ne, sai a gusa hinji ɗaya kaɗan a sake dubawa. A shafa tafin hannu daga fenda zuwa bonet, hannu ya wuce sumul bai ci tuntuɓe ba. Gindi ya yi sama ko ya yi ƙasa, daga hinji ake gyara shi, wani lokaci da washa a ƙarƙashi. Tsayin baki kuwa aikin 'yan robobin nan ne da bonet ke sauka a kansu ta gaba, waɗanda na tabbata naka sun yi ƙaura tun zamanin Abacha. A ɗaga, a gusa, a sauke, a duba, a sake. Za a yi ta yi har ka gaji ka ce “ya isa haka nan,” to a lokacin ne za a ƙara biyu. Sai an gamsu sannan a matse notoci, matsi na hankali, ba a hau sifana da ƙafa ba. Daga ƙarshe a mayar da kwaɗo a daidaita shi da bonet. Shi zai bi bonet, ba bonet ne zai bi shi ba.

Kafin mota ta fita sai an gwada. A saki bonet daga ɗan tsayi kaɗan, ya kama da ƙara ɗaya, ƙwas. Ka kama bakinsa ka ja sama da ƙarfi, kada ya motsa. Ka ja wayar ciki, ya ɗago kaɗan ya tsaya, sannan ka sa hannu biyu ka ja ba tare da ka taɓa ƙugiya ba. Idan ya buɗe ba a gama ba, kowa ya koma bakin aiki. Giris a kwaɗo da ƙugiya, ɗigon mai a ƙusoshin hinjis, a riƙa maimaitawa duk sa'ad da aka yi juyen baƙin mai, musamman bayan hunturu. Duk ranar da wani ya buɗe maka bonet, bakanike ne ko yaron da ke zuba ruwa a lagireto, ka taɓa bakin da hannunka kafin ka shiga. A samo sandar tokare ta ƙarfe. Raken a ba yara.

Na san abin da za ka rubuto mako mai zuwa: Kanawa da kurɗa-kurɗa a titi, Kanawa da A Daidaita Sahu, Kanawa da ba sa gaisuwa sai da riba. Rubuto, shafin a buɗe yake. Amma kafin nan, ranar Asabar ka hau motar haya, hinjis biyu a leda, in tare ka a Na'ibawa in kai ka Ƙofar Ruwa. Sharaɗi ɗaya ne: a kasuwar ba za ka buɗe baki ba, don da zarar an ji harshenka kuɗi ya ninka. Ni zan yi ciniki, kai ka riƙe leda. La'adata kuwa kuɗin sharar bara da ka maƙale, ka haɗo da na bana tun watan cika-ciki bai kama ba. Idan kuma ka kafe sai ka zo da motar a yadda take, ka bugo mini waya kafin ka taso, in aika Kura su kwashe shinkafar da suka shanya a bakin titi.